Ɓawon Ƙarfe da Igwar Sarki Tanimu

Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san baƙin ɓawon nan da ke zuba gindin uwar maƙera idan masaba ta sauka kan jan ƙarfe. Yara kan ɗauka datti ne kawai. Alhali da ƙarfe ya yi ja a wuta, iska ce ke cin bayansa, ta bar masa wannan ɓawo. In aka bar shi, duka zai nutsar da shi cikin ƙarfen, bakin hauya ya fito da ramuka, haɗin ƙarfe biyu kuma ya ƙi kamawa.

Maƙeran da sun san maganinsa tun ba a kawo injin ba. Ana kankare ƙarfen da zafinsa kafin a sake duka. Wurin haɗi ana barbaɗa yashi, ya narke, ya kwashe ɓawon ya fita da shi. Bayan ya huce, sai magagari da dutsen washi su ƙarasa aikin.

A ƙasar Damagaram wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mirriya, tsohuwar masarautar Sosebaki mai nisan kimanin kilomita 20 daga Zinder, ta shiga ƙarƙashin sarakunan Damagaram, waɗanda ƙarfinsu ya kai ƙololuwa zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a 1884. Tanimu ya tara bindigogi, ya sa aka ƙera igwa a birninsa. Rundunar da ta dogara da mashi da takobi da linzami kuwa, ranta na hannun maƙeri. Haɗin da ɓawo ya maƙale a cikinsa, ranar yaƙi yake tona asirin mai shi.

Bayan Faransawa sun kama Zinder a 1899, sannu a hankali tsohon ƙarfen Turawa ya kori narkar da tama. Amma ɓawo bai daina fitowa ba, kankararsa ma ba ta tsufa ba.

Malamai da iyaye, 'ya'yanmu na haddace wannan darasi a aji da Faransanci, ba su san ga shi a bayan gida ba. Ranar Lahadi, kasuwar Mirriya na ci. Ku kai su wurin maƙeri, su ɗebi ɓawon a tafin hannu, su tambaye shi dalilin kankare shi.