Ƙwaya uku a cikin zazzaɓi ɗaya

Kalmar ƙwaya tana ɗauke da kaya masu yawa a bakin Bahaushe. Manomin Korgom, a gundumar Tasawa, ya san ƙwayar gero tun kaka da kakanni. Da ilimin likita ya iso, sai aka ƙara mata uku: ƙwayar halitta, wadda da ire-irenta aka gina jiki, da ƙwayar cuta, da ƙwayar magani. Duka ukun suna haɗuwa a zazzaɓin da ke kwantar da yara kowace damina.

Rayuwar Peter Agre, masanin Amurka, ta bi wannan jeri. Da jajayen ƙwayoyin jini ya fara, a Jami'ar Johns Hopkins. A fatarsu ya gano wata kafa da ruwa ke bi. A 1992 ya sa ta a ƙwan kwaɗo, ƙwan ya sha ruwa ya kumbura har ya fashe. Aka raɗa mata suna akwaforin, wato ƙofar ruwa, ta kuma jawo masa kyautar Nobel a 2003. A 2008 ya karɓi jagorancin cibiyar binciken maleriya ta jami'ar, aikinsa ya kai shi ƙauyukan Zambiya. Bai bar fanninsa na farko ba, domin cikin wannan jar ƙwayar jini ƙwayar cutar ke ɓuya ta hayayyafa.

Sunayen ciwon ma abin dubawa ne. Maleriya daga Italiyanci take, ma'anarta gurɓatacciyar iska. Falu da ake ji a likitocin Nijar gutsuren kalmar Faransanci ce mai nufin ciwon fadama. Dukansu sun girmi 1897, shekarar da Ronald Ross ya ga ƙwayar cutar a cikin sauro. Zazzaɓin cizon sauro kuwa ya kama mai laifi da sunansa.

Ƙwaya ta uku, ta magani, ita ce ake bi gida-gida da ita duk wata a damina, don yara daga wata 3 zuwa shekara 5. Ta ranar farko a gaban mai rabo ake sha, ta kwana biyun da suka rage tana hannun uwa. In ba a faɗa mata cewa rigakafi ce ba, za ta iya adana ta sai yaro ya kwanta.

Don haka ma'aikatan lafiya, ku riƙa cika sunan: ƙwayar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, kwana uku cur, ko da yaro lafiyarsa ƙalau.