Ƙafar da aka miƙe da wuƙa da wadda aka miƙe da hannu

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon domin waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau tarihin ƙafa zan ba ku. Duk wanda ya taso a Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa, ko Babura, zai yi wuya a ce bai san wani da ke taka ƙasa da gefen ƙafa ba. Tafin ya juya ciki, dunduniya ta ɗage sama, gefen da yake takawa ya yi kanta kamar gwiwar raƙumi. Mu dai gurgu muke cewa mu wuce, wasu su ce shan-inna ce. To ba kowacce ce shan-inna ba. Shan-inna ƙwayar cuta ce da ke kama yaro bayan an haife shi lafiya. Wannan kuwa da ita ake haihuwar jinjiri, ƙafar a murɗe tun daga ciki. A duniya, kusan jinjiri 1 cikin 1,000 haka yake zuwa. Maza sun ninka mata, kuma kusan rabinsu ƙafa biyun ne.

Tambayar shirin ita ce: idan likita ya yi wa irin wannan ƙafa aiki, yaushe ake sanin aikin ya yi kyau? Ranar da aka kwance bandeji? Ranar da yaro ya fara tafiya? Likitocin duniya sun yi shekaru aru-aru kafin su amsa ta daidai, kuma amsar ta shafe mu kai tsaye.

Bari mu fara daga nesa. Tun wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), likitan Girka Hippocrates ya rubuta cewa a riƙa murza ƙafar jinjirin a hankali da hannu, a ɗaure, a sake. Wato abin da Bahaushe ya ce ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma waɗanda suka biyo baya haƙuri ya yi musu ƙaranci. A ƙarni na 19 a Ingila har wani ƙarfe aka ƙera mai kama da sifana, a kama ƙafar yaro da shi a murɗo ta da ƙarfin tsiya. Ƙafar takan miƙe a ido, amma an riga an ragargaza abin da ke ciki.

A 1831 wani likitan Jamus, Stromeyer, ya fara yanke agara, wato jijiyar nan mai kauri ta bayan dunduniya, ta wata 'yar ƙaramar kafa a fata. Cikin waɗanda ya yi wa har da wani matashin likita ɗan Ingila, William Little, wanda shi kansa ƙafarsa a murɗe take. Da Little ya koma Landan sai ya kafa asibitin masu irin lalurarsa. Wannan asibiti ne daga baya ya haɗu da wasu ya zama babban asibitin ƙashi na Landan. Ku riƙe wannan, don shi ne zai kawo mu gida.

A 1959, ana saura shekara guda Najeriya ta sami 'yanci, aka buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, zamanin gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna. Wani likitan ƙashi Bature, A. F. Bryson, shi ya ja ragamar farawa, kuma a shekarun farko daga wancan asibiti na Landan ake turo likitoci su yi aiki a Dala. A 1979 dokar soja mai lamba 91 ta haɗa Dala da Igbobi ta Legas da asibitin ƙashi na Inugu a ƙarƙashin hukuma guda ta Gwamnatin Tarayya. A duk tsawon wannan lokaci ƙasar Kazaure da Babura cikin Kano suke, sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jigawa. Har bayan yankewar ma hanyar ba ta sauya ba: wanda ƙashinsa ya gagari mai ɗori, ya gagari babban asibitin gari, titin Kano ake hawa da shi, tafiyar wajen kilomita 80 daga Kazaure.

Me Dala ta tarar a wancan zamani? Shan-inna tana ganiyarta, ga tarin fuka mai cin ƙashi, ga karayar da ta ɗoru a karkace, ga yara masu murɗaɗɗiyar ƙafa da ba a kawo su ba sai da suka girma. Ƙafar mutum ƙashi 26 ne a cikinta. A jinjiri yawancinsu guringuntsi ne, suna karɓar gyara. Idan yaro ya shekara goma yana takawa a murɗe, ƙasusuwan sun riga sun ginu a haka. Abin da ya rage wa likita shi ne ya sassaƙe ƙashi, ya haɗe gaɓoɓi uku na ƙasan idon sawu su zama dunƙule guda. Mutum zai taka da tafin ƙafa, zai sa takalmi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda bai taɓa sawa ba. Amma ƙafar ta daina lanƙwasa gefe da gefe har abada. Ku tuna manomi a kan kunya, ko mai hawa duwatsun Roni.

Ga ƙananan yara kuwa, daga shekarun 1970 duniya ta raja'a a kan wata babbar tiyata. Wani likitan Amurka, Vincent Turco, ya bayyana salonsa a 1971: a buɗe bayan ƙafa da gefenta na ciki, a sassaki jijiyoyin da suka ɗaure, a jera ƙasusuwa, a soke da ƙarfe. Kuma wallahi abin yana burgewa. An shiga da ƙafa a murɗe, an fito da ita a miƙe. Hoto ya yi kyau, uwa ta yi murna, likita ya rubuta an yi nasara. Kusan ko'ina aka ɗauka an gama da wannan matsala.

Sai dai akwai wani mutum guda a gefe da bai yarda ba. Sunansa Ignacio Ponseti, an haife shi a 1914 a ƙasar Sifen. Ya yi aikin likita a yaƙin basasar ƙasarsu, ya yi gudun hijira zuwa Meziko, a 1941 ya isa Jami'ar Iowa a Amurka. A can aka sa shi ya bibiyi mutanen da aka yi wa tiyatar ƙafa shekaru da dama baya. Abin da ya gani shi ne ƙafafu masu tauri, marasa ƙarfi, masu ciwo. Tabon da wuƙa ta bari a ciki yana ƙanƙancewa, gaɓa ta sandare, amosani ya shiga tun mutum bai tsufa ba.

Sai ya koma ya yi nazarin yadda ƙasusuwan ƙafar jinjiri ke juyawa a kan juna, ya fito da wata hanya a ƙarshen shekarun 1940. Ga yadda take. Likita zai murza ƙafar a hankali da hannu, ya sa filasta, wadda mu muka fi kira siminti, daga yatsu har cinya. Bayan mako guda a cire, a ƙara murzawa, a sa sabuwa. Yawanci sau 5 zuwa 7. Daga nan ga mafi yawan yara sai a ɗan yanke agara, aikin 'yan mintoci, a sa filastar ƙarshe ta mako 3, jijiyar ta haɗe da kanta da tsawon da ake so. Sai kuma takalmi: ƙafa biyu haɗe da sanda a tsakani, awa 23 a rana har wata 3, sannan lokacin barci kawai har yaro ya kai shekara 4 ko 5.

Ya buga sakamakonsa a 1963, aka yi biris da shi. Hanyar tana da cin rai, ba ta da armashin ɗakin tiyata. Abin da ya raba gardama shi ne lokaci. A 1995 wasu likitoci biyu, Cooper da Dietz, suka nemo mutum 45 da aka yi wa magani da hanyar Ponseti shekara 30 baya. Kashi 78 cikin 100 ƙafarsu na aiki da kyau. Da aka yi wa mutanen da ba a haife su da lalurar ba irin tambayoyin, kashi 85 aka samu. Kun ga tazarar ba yawa. A 2006 kuma Dobbs da abokan aikinsa suka bibiyi waɗanda aka yi wa babbar tiyata, su ma bayan kimanin shekara 30, suka tarar da yawansu cikin ciwo da taurin gaɓa da amosani, kuma wanda aka fi yi wa yanka shi ya fi shan wuya.

Wani abin da zai burge ku, ku 'yan intanet: iyaye ne suka tallata hanyar. Bayan Ponseti ya fitar da littafinsa a 1996, iyaye mata suka riƙa ba juna labari a zaurukan intanet, suna ƙin tiyata, suna ɗaukar 'ya'yansu zuwa Iowa wurin tsoho ɗan shekara 80 da ɗoriya. A Amurka, a 1996 sama da kashi 70 na irin waɗannan yara babbar tiyata ake musu. Zuwa 2006 abin ya sauko wajen kashi 10. Ponseti ya rasu a 2009 yana da shekara 95, kuma ranar haihuwarsa, 3 ga Yuni, ita aka ware a duniya don tunawa da wannan lalura.

A Afirka, Yuganda ce ta nuna hanya tun daga 1999. Sun koya wa ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitocin tiyata ba yadda ake sa filastar, kuma a can wani ma'aikaci mai suna Steenbeek ya ƙera takalmin da fata da ƙarfen da ake samu a kasuwa, mai araha. A Najeriya, a 2009 aka fara koyar da hanyar sosai a asibitin koyarwa na Ile-Ife, daga nan ta bazu, kuma yau Dala na cikin wuraren da ake yin ta.

To yanzu mu dawo gida. Ni a ganina darasin wannan tarihi guda ne: sakamakon aikin ƙafa ba ranar sallama ake karanta shi ba, sai bayan shekaru. Kuma tunda magani ya tashi daga wuƙa ya koma filasta da takalmi, rabin aikin ya bar hannun likita ya dawo hannunmu.

Ku duba abin da ake nema daga uwar da ke wani ƙauye a Gwiwa ko Babura. Duk mako ta fito, mako shida ko bakwai a jere. Kuɗin mota zuwa da dawowa, ita da ɗan rakiya. Idan damina ce maigida yana gona. Tana cikin wankan jego, ga filastar da ba a so ruwa ya taɓa. An gama wannan, sai takalmi mai sanda, wanda ke sa goyo ya yi wuya, yaro ya yi ta kuka daren farko da na biyu. Nan ne kaka za ta leƙo ta ce, “Ke 'yar nan, ki cire masa ƙarfen nan ya huta, ba ga ƙafar ta miƙe ba?” Kuma da gaskiyarta a ido, ƙafar ta miƙe. Irin kallon da ya ruɗi manyan likitocin duniya shekara da shekaru ke nan. Abin da ya sa ƙafar ta murɗe tun farko yana nan yana ja har yaro ya kai wajen shekara huɗu, kuma babban dalilin da ke sa ta koma shi ne barin takalmin. Idan ta koma aka yi sakaci, to an dawo kan wuƙar da aka guje wa.

Wannan magana ba ta tsaya kan jarirai ba. Samarinmu masu babur da 'yan ƙwallo, karayar idon sawu ita ma haka take. A 1976 wasu masu bincike, Ramsey da Hamilton, suka nuna cewa idan ƙashin da ke tsakiyar idon sawu ya goce da milimita 1 kacal, wurin da nauyin jiki ke sauka a gaɓar yana raguwa da kashi 42 cikin 100. Milimita ɗaya fa, hannu ba zai iya jin ta ta saman kumburi ba, sai hoto. Ban raina masu ɗori ba, sana'a ce ta gado kuma su ne kusa da jama'a. Amma karayar da ta shiga cikin gaɓa, mutum zai iya miƙewa ya taka bayan wata biyu a ce ɗori ya yi kyau, sai bayan shekaru ciwon ya zo ya zauna. Balle a ɗaure kara tamau har jini ya daina zagawa, yatsu su yi sanyi su yi baƙi. Wannan ba a kwana da shi, asibiti ake nufa a take.

Saboda haka ga roƙona. Idan aka haifi jinjiri da murɗaɗɗiyar ƙafa a gidanku ko maƙwabta, kada a ce a bari ya yi ƙwari. A kai shi asibiti cikin makonnin farko a nemi a tura shi inda ake sa filastar. Wanda ya riga ya fara tafiya ma kada a fid da rai, ana gwada hanyar a kan yaran da suka tasa kuma tana rage girman aikin da za a yi. Ku kuma matasa, ku ne masu waya, ku ne masu babur. Wani ya ɗauki nauyin tuna ranar komawa, wani ya kai su tasha, wani ya zauna da Inna ko Baba ya yi musu bayanin takalmin cikin ladabi. Masu wakiltarmu kuma a tambaye su: me zai hana a horar da ma'aikata a riƙa sa filastar nan a manyan asibitocinmu na kusa, kamar yadda Yuganda ta yi, uwa ta huta da titin Kano?

Idan kun san wanda aka yi wa wannan magani, ko aikin idon sawu, ku faɗa mana a ƙasa yadda ƙafar take yanzu da kuma shekara nawa da yin aikin, ba sai kun ambaci suna ba. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuri'a. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allahu.