Maƙera da Tarihin da Ke Cikin Kayanta

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai ga wani wuri da muke wucewa kullum ba mu waiwaya ba, watau maƙera. A ganina kayan da ke cikin rumfar maƙeri suna ba da labarin ƙasar Hausa kamar yadda littafi ke bayarwa, in dai mutum ya san abin da zai duba.

Mai karatu ya tuna yadda maƙera take. Rumfa ce ko bukka, maƙeri na zaune a ƙasa, komai na kusa da hannunsa. A gabansa ga uwar maƙera an kafe ta, a kanta ake dukan ƙarfe. A gefe ga ramin wuta cike da gawayi, galibi na itacen ƙirya don ya fi zafi da jimiri. Bayan wutar ga zugazugi na fatar akuya guda biyu, yaro na danna wannan yana saki wancan, don kada iska ta yanke. Sai masaba, da muntalaga, da awartaki, da magagari, da kaskon ruwa. Da waɗannan 'yan kaya aka yi fartanya da garma da lauje da gatari, aka yi linzami da mashi da bakin kibiya. Manomi da mayaƙi duk ta hannun maƙeri suka bi.

To, amma wannan rabin sana'ar ne kawai. Ɗaya rabin, wanda shi ne ya fi wuya, shi ne samo ƙarfen kansa daga tama. Akan haƙo tama, a farfasa ta, a gina murhu mai tsawo na yumɓu, a jera gawayi da tama hawa-hawa, a kunna wuta a kwana ana gadi. Ƙarfen ba ya narkewa ya zama ruwa. Dunƙulewa yake yi a gindin murhu, haɗe da datti, sai an yi ta mayar da shi wuta ana duka kafin ya tsarkaka. Wannan ilmi tsoho ne ƙwarai a yankinmu. A Taruga, cikin yankin al'adar Nok, Bernard Fagg ya tono murahun narkar da tama a shekarun 1960, waɗanda suka haura shekara 2,000. A Dala kuwa an sami alamun wannan aiki tun wajen ƙarni na 7, ɗaruruwan shekaru kafin a fara ginin ganuwar Kano. Har ma akwai labarin baka da ke cewa wani maƙeri mai suna Kano ne ya zo daga Gaya neman tama ya zauna a Dala, kuma Abagayawa zuriyarsa ce. Ko labarin bai tabbata kalma da kalma ba, ya nuna yadda Kanawa suka ɗaure asalin garinsu da ƙarfe.

Ƙarfen waje ya daɗe yana shigowa. Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana kawo ruwan takubba daga Solingen ta Jamus ta hanyar Sahara, maƙeran gari na sa musu ƙota, dukawa na ɗinka kube. Wannan bai kashe tama ba, don raƙumi ba ya iya ɗauko ƙarfen fartanyar kowane manomi. Abin da ya kashe ta shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, sannan motoci suka biyo baya. Ƙarfen dogo da tsohon sifirin na mota suka wadata a kasuwa da araha. Wa zai kwana yana gadin murhu alhali ga ƙarfe mai kyau a jibge? Cikin shekarun da suka biyo aikin tama ya yi ta ja da baya har ya mutu. A ƙasar Adar ta Nijar, Nicole Echard ta samu ta ɗauki fim ɗin narkar da tama a shekarun 1960, lokacin da masu sanin aikin ke nan da ransu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maƙerar kanta ba ta mutu ba, sai dai ta haɗiye abin da ya zo mata. Yau za ka ga guntun ƙarfen dogo ya zama uwar maƙera, kuma wilin keke da 'yar fanka sun maye gurbin zugazugi a wurare da yawa. Sarkin Maƙera na nan, makaɗan dundufa na nan, ana kuma wasan wuta a bikin naɗi. A Amurka, inda masu son ƙira suka kafa ƙungiyarsu a 1973, mutane kan kafa maƙera a bayan gida don sha'awa kawai, kuma da yawansu da guntun dogon nan suke farawa. A wurinmu ƙira gado ce da hanyar abinci, ɗa kan fara da zuga tun yana ƙarami kafin a bar shi ya riƙe awartaki. Sai dai jikan mai tama na yau ya gaji duka da sarrafawa, bai gaji sanin dutsen da za a haƙa ko yadda ake gina murhu ba.