Firefox: Manhajar Da Aka Raɗa Wa Suna Sau Uku



Hausawa sun ce suna linzami ne. Tarihin Firefox ya gaskata su.

A watan Maris na 1998, da kamfanin Netscape na Amurka ya ga Internet Explorer na Microsoft na cinye masa kasuwa, sai ya buɗe lambobin manhajarsa ta shiga intanet, kowa ya duba, ya gyara, ya raba kyauta. Aka kira aikin Mozilla. Daga cikinsa aka fitar da wata manhaja mara nauyi a Satumbar 2002, aka sa mata Phoenix.

Ba a je ko'ina ba kamfanin Phoenix Technologies ya ce sunansa ne na kasuwanci. A Afrilun 2003 aka koma Firebird. Nan ma aka taka sawun wasu, domin akwai buɗaɗɗiyar manhajar adana bayanai mai wannan suna, masu ita kuwa suka yi ca. Sai ranar 9 ga Fabrairun 2004 aka tsaya a kan Firefox, aka kuma nemi yi masa rajista.

Saura talla, ga shi babu kuɗi irin na Microsoft. Da Firefox 1.0 ta fito a Nuwambar 2004, masoyanta suka yi karo-karo, suka sayi shafi biyu a jaridar New York Times a Disamba, aka jera sunayen dubban waɗanda suka ba da gudummawa. A Yunin 2008 an sauke Firefox 3 fiye da sau miliyan 8 cikin awa 24, har ta shiga kundin Guinness.

Amma kare sunan ya jawo rigimar cikin gida. Mozilla ta ce lambobin na kowa ne, sai dai wanda ya yi musu sauye-sauye ba da yardarta ba kada ya kira su Firefox. Dalilinta shi ne, idan wani ya ɓata manhajar, ita za a zaga. Masu haɗa Debian suka ce wannan sharaɗi, da takunkumin da ke kan tambarin, sun saɓa wa ƙa'idarsu ta 'yanci. A 2006 suka cire sunan, suka kira tasu Iceweasel. Sai 2016 aka sasanta, sunan Firefox ya dawo Debian.

Kowane ɓangare yana da hujja. Ana iya raba lambobi ga duniya ba su ragu ba, amma amanar da jama'a suka ba suna, mutum ɗaya na iya zubar da ita. Don haka matasanmu masu haɗa manhaja, ku bincika suna kafin ku raɗa, ku kuma rubuta wa ke da ikonsa tun kuna 'yan kaɗan.

A ganinku wa ya fi gaskiya, Mozilla ko Debian? Sai mun ji daga gare ku.