Les Paul: jitar da mai sunanta ma bai bar ta yadda kamfani ya ƙera ta ba

1/ Jama'a, zaren yau na tarihi ne, mai ɗan tsawo, ku gyara zama. A duniyar jitar lantarki akwai rigimar da ba ta ƙarewa: in ka sayi jita mai ɗauke da sunan shahararren makaɗi, ya dace ka sa mata sukudireba ka canza mata kaya, ko kuwa ɓarnar dukiya ce? Mu bi tarihin Gibson Les Paul mu gani.

2/ Da farko, Les Paul sunan mutum ne fa. Sunansa na yanka Lester William Polsfuss, an haife shi a 1915 a garin Waukesha, jihar Wisconsin ta Amurka. Makaɗin jita ne, kuma irin mutanen nan ne masu taɓe-taɓe, waɗanda in ka bar su da rediyo minti goma sai ka dawo ka tarar da hanjinta a waje.

3/ Matsalar da ta dame shi: jitocin lantarki na zamaninsa masu rami ne a ciki, kamar ƙwarya. In an ƙure amfilifaya, sautin lasifika sai ya dawo ya girgiza jikin jitar, ta riƙa wani irin kuka mai huda kunne. Ga shi kuma jikin yana shanye ƙarfin tsirkiya, sautin ya mutu da wuri.

4/ Wajen 1940 sai ya samo gungumen katako, inci 4 a kowane gefe, ya ɗaura masa wuyan jita, tsirkiya da fikof. Fikof ɗin nan ba mota ba ce fa 😄 maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, shi ke ɗaukar motsin tsirkiya ya mayar da shi lantarki. A masana'antar Epiphone da ke New York ya yi aikin.

5/ Da ya fita da ita wasa, mutane suka kasa gane abin da yake riƙe da shi. Sai ya samo wata jitar Epiphone mai rami, ya tsaga jikinta biyu, ya manna a gefe-gefen gungumen don ta yi kama da jita. Ita ce ake kira The Log, wato gungume. Ya kai wa kamfanin Gibson, suka ƙi ta.

6/ Sai 1950 ta zo. Leo Fender a Kalifoniya ya fito da jita mai jikin katako curi guda, wadda daga baya aka sa wa suna Telecaster, kasuwa kuma ta karɓe ta. Nan Gibson, da ke Kalamazoo a jihar Michigan, suka farga an wuce su. Shugabansu Ted McCarty ya sa aka ƙera tasu, suka shiga neman sunan da zai sayar da ita.

7/ A lokacin Les Paul da matarsa Mary Ford su ne ke tashe. Waƙarsu How High the Moon ta hau lamba ɗaya a Amurka a 1951. Aka ƙulla yarjejeniya: a sa sunansa a kan jitar, yana samun kaso a duk wadda aka sayar, shi kuma ba zai fito bainar jama'a da jitar wani kamfani ba. A 1952 ta shiga kasuwa, launin zinare, dala 210.

8/ Wa ya zana ta? Nan ma rigima ce. McCarty ya ce kusan a gama suka kai masa ita, Les kuma har ya mutu yana cewa tunaninsa ne. Abin da kowa ya yarda da shi: doguwar gadar ƙarfe da tsirkiyoyi ke ɗaure a jikinta, ta Les ce. Kuma a daidai wannan wurin aka tafka kuskure.

9/ Les ya tsara tsirkiyoyi su bi ta SAMAN ƙarfen. Amma masana'anta ba ta karkata wuyan jitar yadda ya kamata ba, in aka bi ta sama tsirkiya za ta yi nisa da wuya, ba ta dannuwa. Sai suka zagayo da ita ta ƘASA. Sakamako: ba ka iya ɗora gefen tafin hannunka ka danne sauti, salon da shi Les ɗin ya dogara da shi.

10/ Kun ga abin dariya? Jitar da ke ɗauke da sunan mutum ta fito a yanayin da mutumin ba zai iya kaɗa ta da salonsa ba. To me ya yi? Abin da ya saba. Ya kwance, ya canza gada, ya canza fikof, ya sake haɗa wayoyi. Jitocin da yake kaɗawa da hannunsa kusan babu wadda ta zauna yadda kamfani ya aiko masa.

11/ Su ma Gibson ba su zauna ba. A 1953 suka cire waccan gadar suka sa guntuwa mai noti biyu. A 1954 ga Les Paul Custom, baƙa, da sabuwar gada mai suna Tune-o-matic, wadda ke ba ka damar saita tsawon kowace tsirkiya ita kaɗai don sauti ya zauna daidai har ƙarshen wuya.

12/ A 1957 aka kawo babban canji: fikof ɗin da injiniya Seth Lover ya ƙirƙiro. Tsohon, P-90, naɗi ɗaya ne, yana kwaso gurnanin wutar lantarki. Lover ya haɗa naɗi biyu masu adawa da juna, gurnanin ɗaya ya kashe na ɗayan, sautin tsirkiya kuma ya ƙaru. A 1958 aka bar fentin zinare, aka koma ja mai shiga rawaya.

13/ Daga 1958 zuwa 1960 kusan guda 1,700 kawai aka ƙera masu wannan launi. Yau su ne jitocin da ake rububi a duniya, guda ɗaya mai lafiya tana kai ɗaruruwan dubban daloli. Amma a lokacin? Ba ta yi kasuwa ba. Mutane na cewa ta cika nauyi, ta yi kama da kayan tsofaffi.

14/ Saboda haka a 1961 Gibson suka sake mata siffa gaba ɗaya: siririya, mai ƙaho biyu, amma da sunan Les Paul a jiki. Shi kuma bai so ta ba. Ga yarjejeniya ta zo ƙarshe, ga aurensa da Mary Ford yana watsewa. Zuwa 1963 an cire sunansa, jitar ta ci gaba da sunan SG. Asalin Les Paul kuwa an daina ƙera ta.

15/ Wa ya dawo da ita? Samarin Ingila masu kiɗan blues. Keith Richards na Rolling Stones yana riƙe da 'yar 1959 tun 1964. A 1966 Eric Clapton ya jona tasa a amfilifayar Marshall, ya ƙure murya, a faifan da suka yi da John Mayall. Kowa ya bazama neman tsofaffin a shagunan kayan hannu. A 1968 Gibson suka dawo da ƙera ta.

16/ Yanzu ku lura da abin da waɗannan mutane suka yi da jitocin da suka saya. Neil Young yana da wata da ake kira Old Black. Asalinta mai launin zinare ce ta 1953. An shafe ta da baƙin fenti, an sa mata hannun girgiza sauti na Bigsby, an sa mata fikof na wata jitar daban, Firebird. Tun ƙarshen shekarun 1960 yake kaɗa ta.

17/ George Harrison na Beatles yana da Lucy. Ita ma mai zinare ce ta 1957, aka sake mata fenti ja kafin ta zo hannunsa. Clapton ne ya ba shi kyauta a 1968, kuma da ita Clapton ɗin ya yi kiɗan While My Guitar Gently Weeps. Ta Jimmy Page kuwa, wadda ya saya wurin Joe Walsh a 1969, an riga an fere mata wuya ya sirance.

18/ Ga wanda kowa ya sani a nan: Bob Marley. Jitar nan mai launin ƙasa da kuke gani a hotunansa Les Paul Special ce, kuma ta sha gyara. An sa mata farantin alminiyam a inda hannu ke gogawa, an sa wani faffaɗan faifai kewaye da makunnin zaɓen fikof, an canza adon wuyanta. Tana gidan tarihinsa a Kingston, Jamaika.

19/ Amma wadda ta fi ba ni mamaki ita ce Greeny, 'yar 1959 ta Peter Green, wanda ya kafa Fleetwood Mac. Maganaɗisun fikof ɗinta na wajen wuya a juye yake. Ruwayoyi sun saɓa kan yadda aka yi, ko daga masana'anta ko a hannun mai gyara. In ka kunna fikof biyun tare, sai su riƙa cin juna, sauti ya fito siriri kamar ta hanci.

20/ A ƙa'idar injiniya wannan matsala ce da ya kamata a gyara. Amma ita ta zama tambarin kiɗan Green. Jitar ta koma hannun Gary Moore, ta yi shekaru sama da 30 a wurinsa, har wuyanta ya karye aka ɗora. A 2014 Kirk Hammett na Metallica ya saye ta, kuma bai kulle ta a akwati ba, yana hawa dandali da ita.

21/ Sai ga shi a 2023 Gibson sun fito da sababbin Greeny na sayarwa, da maganaɗisu a juye DA GANGAN. Har suna da sashe, Murphy Lab, da aikinsa shi ne tsofar da sabuwar jita: a tsattsaga fenti, a kwaikwayi ƙujewa da tabo. Wato kana biyan ƙarin kuɗi don a sayar maka da tabon da wani ya samu a bakin aiki.

22/ To a nan rigimar take. Mutum ya tara kuɗi ya sayi irin wannan, sautin fikof ɗin bai yi masa ba, amma yana tsoron taɓawa, wai kar ta daina zama irin ta gwaninsa. Alhali gwanin nasa da ya ji abu bai yi masa ba, kwancewa yake. Kamfani ya ɗauki hoton jitar a rana ɗaya ne kawai, ya daskarar da ita a haka.

23/ Amma kar mu yi wa masu cewa a bar ta rashin adalci, suna da hujja. An fafe jikin jitoci da yawa na farkon shekarun 1950 don a cusa musu babban fikof, an kankare musu fenti. Katakon da aka fafe ba ya dawowa. A kasuwar tsofaffin jitoci, sake fenti kaɗai kan zubar da kusan rabin farashi.

24/ Ka ce ai ta Les Paul da kansa, wadda ake kira Number One, duk da fiɗar da ya yi mata an sayar da ita dala 930,000 a gwanjon Christie's a 2021. Gaskiya ne. Amma hannun Les ne ya yi fiɗar, shi aka saya. In ni ko kai muka yi irinta, farashi ƙasa zai yi. Wannan bambancin dole a faɗe shi.

25/ Shi ya sa masu gyaran jita ke raba abin gida uku. Na ɗaya, saiti: tsayin tsirkiya, tsayin fikof, gada, da sandar ƙarfen da ke cikin wuya. Wannan ba canji ba ne, kula ce, kowace jita na buƙata. Sandar nan kwata-kwatan juyi ake mata, a jira katako ya zauna, a sake dubawa. In ta yi tauri, kar ka tilasta.

26/ Na biyu, canjin da ake iya mayarwa: fikof mai girma ɗaya da na asali, wayoyi, maɓallan murɗa sauti. Yi abinka, amma ka adana tsofaffin kayan a leda, ka ɗauki hoton wayoyin kafin ka sa dalma. Na uku, wanda ba ya komawa: huda, fafewa, fere wuya, fenti. Wannan sai ka tabbata kai da jitar mutu-ka-raba.

27/ Ga wanda ke da jita a ƙasashenmu, ko Epiphone ce ko ta gwanjo: hunturu ya fi sukudireba ɓarna. Katako na son danshin iska wajen kashi 45 zuwa 55. Iskar hunturu na busar da shi, wuya ya lanƙwashe, bakin ƙarafan wuya ya fito yana yankar hannu. Damina ta zo ya kumbura. Saiti sau biyu a shekara, kuma a ajiye ta cikin akwatinta.

28/ Kuma kar ka jingina Les Paul a bango ka tafi. Kanta a karkace yake zuwa baya, katakon wurin siriri ne saboda ramin sandar ƙarfe. Faɗuwa ɗaya ta isa ta karya shi. Wannan rauni ne da aka san ta da shi tun shekarun 1950.

29/ Mu koma kan mutumin. A 1948 Les ya yi mummunan haɗarin mota a Oklahoma, gwiwar hannunsa na dama ta ragargaje. Likitoci suka ce ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba, a yadda aka ɗora ta haka za ta zauna. Ya ce a ɗora ta a lanƙwashe, daidai yadda zai riƙe jita. A haka ya ci gaba da wasa duk Litinin a New York har ya rasu a 2009, yana da shekara 94.

30/ Ni dai ra'ayina: in kaɗawa za ka yi, ka saita ta ta dace da hannunka, ka canza abin da ake iya mayarwa, kar sunan da ke kanta ya tsorata ka. In ajiyar dukiya ka saya, to ka bar ta, amma ka san cewa ajiya kake. Ku fa? In Greeny ta zo hannunku, za ku juyar da maganaɗisun ya koma daidai, ko za ku bar shi? Ina jiran ku a ƙasa 👇