Tarihin Ɗinkin Hannu a Ƙasar Hausa da Yadda Ake Koyonsa

Ya ku 'yan makaranta, babu wanda bai taɓa ganin riga aska takwas a wuyan wani basarake ran hawan salla ba. Amma kaɗan ne suka san cewa da yawa daga cikin waɗanda suka yi wa irin rigunan nan aiki a zamanin da masu neman ilmi ne kamarku. Don haka muka ga ya kamata mu ba ku tarihin sana'ar nan, da yadda akan fara koyonta.

Sana'ar daɗaɗɗiya ce, amma ta ƙara bunƙasa bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804. Daular Sakkwato ta haɗa Kano da Zariya da Bida da Ilori cikin mulki guda, sai fatake suka riƙa yawo da riguna, maɗinka kuwa suna ganin aikin juna. Riga ta zama babbar kyautar sarakuna, ita akan ba wanda aka naɗa, da malami, da manzo. A 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya sauka Kano. Ya ƙiyasta tufafin da Kanawa ke sayarwa wasu ƙasashe a shekara sun kai na wuri 300,000,000.

Zaren da akan yi aikin da shi iri uku ne. Akwai farin zaren auduga wanda mata ke kaɗawa da mazari. Akwai tsamiya, watau silikin da wata tsutsa ke saƙa gidanta da shi a jikin itace. Akan dafa gidan da ruwan toka har danƙonsa ya fita, sa'an nan a kaɗa. Na uku shi ne alharini, jan silikin da raƙuma ke ɗaukowa daga Tarabulus.

Riga guda takan bi hannu da yawa. Masaƙi ya saƙa, maɗinki ya haɗa, sa'an nan a kai wa mai zane. Sau da yawa mai zanen malami ne, gama hannunsa ya saba da alƙalami da tawada. Shi zai fitar da asake a kan aljihu da kafaɗar hagu, ya zana tambari a ƙirjin dama da baya, ya sa dagi inda ya dace. Daga nan sai almajirai su bi zanen da allura a zaure bayan karatu, abin da suka samu su ci abinci, su sayi takarda.

To, yaya sabon shiga ke farawa? Da zare, tun bai taɓa riga ba. Zai koyi tsinka shi kamar kamu ɗaya, domin in ya yi tsawo sai ya harɗe, ya kuma tsattsage saboda yawan ratsa ƙyalle. Zai koyi murza bakinsa ya zura a kafar allura, da wanke hannu kafin ya zauna, don farin zare ba ya ɓoye dauɗa. Sa'an nan a ba shi tsumma ya koyi sarƙa: ya soka allura inda zaren ya fito, ya fitar da ita gaba kaɗan ta cikin madaukin zaren, ya ja, haka har layi ya miƙe. In ya ja da ƙarfi ƙyallen ya tattare, in ya sassauta aikin ya yi sako-sako. Wannan awo ba ya faɗuwa da baki, sai yatsu sun saba. Bayan sarƙa sai surfani, inda akan bar ƙananan kafofi a kewaye su da zare. Wanda ya iya waɗannan sai ya gwada hula, daga hula ya kai ga riga. Da rarrafe yaro kan tashi.

Zamani ya kawo sauyi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin hamada ya ja baya, zaren kanti ya maye gurbin alharini. Daga baya keken ɗinki ya zo yana gama aikin watanni cikin 'yan kwanaki. Duk da haka aikin hannu bai mutu ba. A 1976 aka baje kolin ayyukan Hausawa a Landan, bisa binciken David Heathcote, malami a Jami'ar Ahmadu Bello. A cikin shekarun nan na 1970 kuma matan birnin Zariya suka shiga aikin babbar riga, wanda da maza kaɗai ke yi.

Amma fa ku sani, gidan tarihi riga yake adanawa, gwanintar kuwa tana hannun mai yi, in ba a koya ba ta tafi da shi. Saboda haka in hutu ya zo, ku nemi allura da zare da tsumma, ku je zauren wani gwani a unguwarku, ku gaishe shi, ku roƙe shi ya nuna muku sarƙa. Kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce.