Darbejiyar Kwarin Majiya

A shekara ta 1975, bayan babban fari, aka soma dasa darbejiya a Kwarin Majiya, wajen Buza cikin ƙasar Nijar. Ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka jera ta layi biyu-biyu, domin ta tare iskar da ke kwashe ƙasar gonaki. Har masu gadi aka ɗauka saboda awaki.

Ashe dashen ne mai sauƙi. Da itatuwan suka girma, inuwarsu ta danne hatsin da ke kusa. Cikin shekarun 1980 aka fara datse kawunansu, sama da inda dabba ke kaiwa, domin su sake toho. Nan gardama ta tashi: rassan na wane ne? Mai gona ya ba da ƙasarsa, doka kuwa ta ce itace na gwamnati ne. Daga baya aka danƙa wa mutanen ƙauyuka saran da rabon.